Mai Shari'a Mohammed Bello: Ɗan Muftin Katsina da ya shugabanci Kotun Ƙolin Nijeriya

A watan Maris na shekarar 1987 ne aka rantsar da Mai Shari'a Mohammed Bello a matsayin Babban Jojin Nijeriya, wato Alƙalin Alƙalan ƙasar. Shi ne mutum na farko daga arewa da ya hau wannan kujera.

Ya shafe kusan shekaru tara a kanta, kuma ko kwana ɗaya daga cikinsu bai yi a ƙarƙashin zaɓaɓɓen shugaban ƙasa ba. Ya yi aiki da Janar Ibrahim Babangida, ya yi da gwamnatin riƙon ƙwarya ta Cif Ernest Shonekan, ya kuma yi ritaya a zamanin Janar Sani Abacha.

Wannan shi ya sa har yanzu lauyoyi da masana tarihi ba su zama baki ɗaya a kansa ba. Wasu na kallonsa a matsayin mutumin da ya lallaɓa ya tsare wa kotuna ɗan abin da ya rage musu na mutunci a lokacin da bindiga ke mulki. Wasu kuma na ganin lallaɓawar ta yi yawa.

Gidan malamai

An haifi Mohammed Bello a birnin Katsina a shekarar 1930, zamanin Sarki Muhammadu Dikko. Mahaifinsa, Malam Muhammadu Giɗaɗo, shi ne Muftin Katsina. Ke nan yaron ya buɗe ido ne a gidan da ake sanin hukunci ta hanyar littattafan fiƙihun Malikiyya, inda maganar shaida da rantsuwa da rabon gado ba baƙuwa ba ce.

Katsina kuwa ta daɗe da suna wajen ilimi, tun zamanin su Ɗan Marina da Ɗan Masani. Da Turawa suka zo, a can suka kafa kwalejin da ta yaye su Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ahmadu Bello. An mayar da ita Kaduna a 1938, sannan Zariya a 1949, kuma ita ce a yau ake kira Kwalejin Barewa. Bayan ya yi elementare da midil a Katsina, wannan kwaleji ya shiga.

Da ya kammala, ba hanyar shari'a ya fara bi ba. Kamfanin UAC ne ya ɗauke shi domin horar da shi aikin manaja.

To amma a farkon shekarun 1950 shugabannin arewa sun fara hango wani giɓi. Mulkin kai na matsowa, alhali yankin da ya fi kowane girma a ƙasar ba shi da lauyoyinsa na kansa. A kudu, tun ƙarni na 19 aka sami lauya ɗan ƙasa. A arewa kuwa sai a 1955 aka sami na farko, Alhaji Abdulganiyu Abdulrazaq na Ilori. Duk wata doka ta Jihar Arewa Bature ne ke tsara ta, Bature ne ke kare ta a kotu.

Saboda haka aka zaɓi wasu samari aka tura su karatun lauya. Mohammed Bello na cikinsu, tare da ɗan garinsu Mamman Nasir, da kuma Buba Arɗo. Da farko sai da aka kai su Kwalejin Jami'a ta Ibadan domin su koyi harshen Latin, wanda a lokacin sharaɗi ne ga mai son shiga makarantun lauyoyi na Ingila. Daga nan ya wuce Landan, ya kuma zama cikakken lauya a Lincoln's Inn a 1956.

Dukansu ukun sun yi nisa. Mamman Nasir ya shugabanci Kotun Ɗaukaka Ƙara daga 1978 zuwa 1992, daga bisani ya zama Galadiman Katsina. Buba Arɗo ya zama babban jojin jihar Gongola.

Tsakanin alƙali da joji

Ya dawo gida ya kama aikin lauyan gwamnati a Kaduna a daidai lokacin da ake tsaka da muhawara mafi zafi kan makomar shari'a a arewa.

Asalin rigimar ya faro ne tun 1947, lokacin da kotun ɗaukaka ƙara ta Afirka ta Yamma ta soke hukuncin kisa da kotun Sarkin Gwandu ta yanke wa wani mutum mai suna Tsoho Gubba. Hujjar kotun ita ce, a dokar Turawa wanda aka tunzura ya yi kisa ba a kashe shi, don haka kotun sarki ba za ta yanke hukuncin da ya zarce na dokar Turawa ba. Sarakuna da alƙalai sun ɗauki wannan a matsayin katsalandan cikin addini. A ɗaya ɓangaren kuma, ƙabilu marasa rinjaye da 'yan adawa irin su NEPU na kukan cewa ana amfani da kotunan En'e wajen ɗaure su.

A 1958 gwamnatin Sardauna ta gayyato wani kwamitin masana a ƙarƙashin Babban Jojin Sudan, Sayyid Muhammad Abu Rannat. Shawarwarin kwamitin ne suka haifar da kundin hukunta laifuffuka da aka fi sani da Final Kod, wanda ya fara aiki ranar 30 ga watan Satumban 1960, ana gobe samun 'yancin kai. An kuma kafa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci, wadda Sheikh Abubakar Mahmud Gumi ya zama Girandi Ƙadinta a 1962, amma hurumin nata bai wuce aure da saki da gado da makamantansu ba.

Ma'ana, an raba shari'a gida biyu. Abin da mahaifinsa ya sani a matsayin abu guda, an bar wa alƙali rabi, an miƙa wa joji rabi. Ɗan Muftin kuwa ya faɗo a ɓangaren joji, kuma aikinsa ne ya sa sabon tsarin ya zauna da gindinsa.

A 1961 aka naɗa shi majistare. Ya je Makarantar Koyon Shari'a ta Jami'ar Harvard a Amurka ya yi shekara guda, a 1964 kuma ya zama daraktan gabatar da ƙararraki na Jihar Arewa. A 1966, shekarar da aka kashe Sardauna da Tafawa Ɓalewa, ya zama alƙalin babbar kotu. Yana kan wannan kujera aka yi yaƙin basasa, aka raba arewa jihohi shida, aka kuma rushe kotunan sarakuna aka maye gurbin kotunan alƙalai da kotunan yanki. A wasu lokuta ya riƙa riƙon muƙamin babban joji na jihohin arewa.

A 1975, bayan da Janar Murtala Muhammed ya karɓi mulki ya yi wa ma'aikatun gwamnati tankaɗe da rairaya, har da sauke Babban Joji Taslim Elias, aka ɗaga Mohammed Bello zuwa Kotun Ƙoli a Legas. A nan zai shafe shekaru ashirin.

Sha biyu da biyu bisa uku

Shari'ar farko da ta sa talakan Nijeriya ya san sunayen alƙalan Kotun Ƙoli ita ce ta zaɓen shugaban ƙasa na ranar 11 ga watan Agustan 1979. Kuma a kan ƙuri'un Kano aka yi ta.

Dokar zaɓe ta ce wanda zai zama shugaban ƙasa sai ya fi kowa yawan ƙuri'u, sannan ya sami aƙalla kashi ɗaya cikin huɗu na ƙuri'un da aka kaɗa a kowace jiha daga cikin aƙalla kashi biyu cikin uku na jihohin ƙasar. Jihohin kuwa 19 ne a lokacin, adadin da ba ya rabuwa gida uku daidai.

Alhaji Shehu Shagari na jam'iyyar NPN ya sami ƙuri'u 5,688,857, Cif Obafemi Awolowo na UPN ya sami 4,916,651. Shagari ya cika sharaɗin kashi ɗaya cikin huɗu a jihohi 12. Ta goma sha ukun ita ce Kano, wadda a lokacin ta haɗa har da Haɗeja da Gumel da Kazaure. A can, tun daga cikin birni har garuruwa irin su Wudil da Bichi, Malam Aminu Kano da jam'iyyarsa ta PRP ne ke da jama'a. Daga ƙuri'u 1,220,763 da aka kaɗa a jihar, Shagari ya sami 243,423, wato kashi 19.94 cikin ɗari.

Awolowo ya ce ba a yanka jiha kamar tsire, don haka kashi biyu cikin uku na 19 shi ne 13, kuma tun da Shagari bai cika ba, sai a je zagaye na biyu inda 'yan majalisu za su yi zaɓen. Lauyan NPN, Cif Richard Akinjide, ya ce lissafi lissafi ne: amsar ita ce 12 da biyu bisa uku. Idan aka ɗauki kashi biyu cikin uku na ƙuri'un Kano, za a sami 813,842. Rubu'in wannan bai kai 203,500 ba, Shagari kuwa ya haura haka.

Ranar 26 ga watan Satumba, saura kwana biyar sojoji su miƙa mulki, alƙalai bakwai a ƙarƙashin Babban Joji Atanda Fatayi-Williams suka yanke hukunci. Shida suka tabbatar da zaɓen Shagari, Mohammed Bello na cikinsu. Mai Shari'a Kayode Eso ne kaɗai ya saɓa.

Masu suka sun ce akwai gurguwar fahimta a lissafin, domin an rage jimillar ƙuri'un Kano zuwa kashi biyu cikin uku, amma ba a rage na Shagari ba. Wannan suka ce mai ƙarfi, kuma ba a taɓa ba ta amsa mai gamsarwa ba. Masu kare hukuncin kuma sun ce dokar ce aka rubuta da rauni, kuma babu wata amsa da za ta gamsar da kowa a cikin kwanaki biyar.

Irin wannan gardama ta sake dawowa a 2023, a kan ko wajibi ne ɗan takara ya sami kashi 25 cikin ɗari a Abuja. Kotun Ƙoli ta ce ba wajibi ba ne.

Wa ke da hurumin kai ƙara?

A wajen ɗaliban shari'a, ba zaɓen 1979 ne ya fi tuna musu da Mohammed Bello ba. Wata shari'a ce ta 1981.

Shugaba Shagari ya naɗa Mai Shari'a Victor Ovie-Whiskey shugaban hukumar zaɓe ta FEDECO, majalisar dattawa ta amince. Sanata Abraham Adesanya, wanda aka kayar da ra'ayinsa a zauren majalisar, ya garzaya kotu yana cewa naɗin ya saɓa wa tsarin mulki. Kotun Ƙoli ba ta ma duba ko naɗin daidai ne ko ba daidai ba. Cewa ta yi sanatan ba shi da hurumin shigar da ƙarar.

Kowane alƙali ya rubuta dalilinsa, amma na Mohammed Bello ne ya fi yin tasiri. Fassarar da ya yi wa sashe na 6 na tsarin mulkin 1979 ita ce, kotu ba ta sauraron mutum sai idan haƙƙinsa na ƙashin kansa ne aka taɓa, ko ake shirin taɓawa. Kasancewarka ɗan ƙasa mai kishin a bi doka bai isa ba.

Akwai hikima a ciki, domin in ba haka ba duk wanda ya sha kaye a majalisa sai ya mayar da kotu wata majalisar. Sai dai illar ta fi yawa. Shekara da shekaru lauyoyin gwamnati sun mayar da wannan fassara garkuwa. Idan aka wawure dukiyar jama'a, ko aka take tsarin mulki, sai a tambayi mai ƙara me aka yi masa shi kaɗai wanda ba a yi wa sauran 'yan ƙasa ba. Abin da ya shafi kowa sai ya zama babu mai ikon yin magana a kai.

An daɗe kafin a sassauta. A 2009, zamanin Babban Joji Idris Legbo Kutigi, aka fitar da sababbin ƙa'idoji da suka hana a kori ƙarar kare haƙƙin ɗan Adam saboda rashin hurumi.

Mutumin da aka kashe kafin a ji ƙararsa

Wanda ya ɗauka cewa Mohammed Bello alƙali ne mai kare gwamnati a kowane hali, to bai karanta hukuncinsa na watan Disamban 1986 ba.

Wata babbar kotu a jihar Oyo ta yanke wa wani mutum mai suna Nasiru Bello hukuncin kisa a 1980 bisa laifin fashi da makami. Sunan ne kawai ya zo ɗaya, ba su da wata dangantaka da alƙalin. Mutumin ya ɗaukaka ƙara cikin lokacin da doka ta tanada. Amma a watan Satumban 1981, tun ba a saurari ƙarar ba, hukumomin jihar suka zartar masa da hukuncin.

Iyalansa suka kai ƙara suna neman diyyar naira 100,000. Babbar kotu da kotun ɗaukaka ƙara duk sun yarda cewa an yi ba daidai ba, amma suka kori ƙarar bisa dalilan da suka shafi yadda aka tsara ta.

Da maganar ta zo Kotun Ƙoli, Mohammed Bello ne ya rubuta babban hukuncin. Ya yanke cewa muddin ƙarar mutum na gaban kotu, gwamnati ba ta da ikon taɓa ransa, kuma kashe shi a wannan hali keta doka ne da tsarin mulki. Kotun ta kuma ƙi yarda a hana iyalan haƙƙinsu don kawai lauyansu bai ambaci sunan dokar da ta dace ba. Aka ba su diyyar naira 7,400.

Kuɗin ba su taka kara sun karya ba, ko a wancan zamani. Amma an kafa ƙa'ida cewa ko wanda aka kama da fashi, gwamnati ba za ta riga kotu yanke masa hukunci na ƙarshe ba, kuma in ta yi za ta biya. Har yau ana koyar da wannan shari'a a jami'o'in Nijeriya.

A daidai wannan tsakani ne kuma gwamnatin Babangida ta ba shi shugabancin kwamitin da ya sake duba hukunce-hukuncen da kotunan soja na zamanin Janar Muhammadu Buhari suka yanke wa 'yan siyasar Jamhuriya ta Biyu. An yanke wa wasu tsofaffin gwamnoni ɗaurin shekaru masu yawan gaske, ba tare da damar ɗaukaka ƙara zuwa kotunan farar hula ba. Bayan aikin kwamitin an rage wa da dama daga cikinsu.

Babban Joji a ƙarƙashin soja

Ya gaji Mai Shari'a Ayo Irikefe a 1987, bisa al'adar kotun ta ɗaga wanda ya fi daɗewa a cikinta.

Watanni tara da hawansa kotun ta yanke wani hukunci da ya girgiza gwamnati. A ranar 19 ga watan Oktoban 1986 an kashe editan mujallar Newswatch, Dele Giwa, da bam da aka aika masa cikin ambulan. Lauyansa, Cif Gani Fawehinmi, ya nemi ya gurfanar da wasu manyan jami'an tsaro biyu da kansa, tun da hukuma ta ƙi. Kotun ɗaukaka ƙara ta ce ba shi da hurumi, tana kafa hujja da shari'ar Adesanya. A watan Disamban 1987 Kotun Ƙoli ta ce yana da shi, domin idan ana maganar laifin kisa, kowane ɗan ƙasa na da ruwa da tsaki. Daga baya wata babbar kotu a Legas ta yi watsi da tuhumar, jami'an sun musanta hannu a kisan, kuma babu wanda aka taɓa samu da laifin. Duk da haka, kotun da Mohammed Bello ke shugabanta ta buɗe wata kafa a katangar da shi da kansa ya gina shekaru shida kafin nan.

Sai dai akwai iyakar da kotun ba ta tsallake ba. Tun 1970 alƙalan Nijeriya suka koyi darasi. A shekarar, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a shari'ar Lakanmi cewa dokar soja ba ta fi tsarin mulki ba. Cikin makonni kaɗan gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta fitar da doka mai lamba 28 wadda ta shafe hukuncin, ta kuma haramta wa kowace kotu tuhumar ingancin dokar soja. Gwamnatocin sojan da suka biyo baya sun sabunta wannan tanadi.

A ƙarƙashin Mohammed Bello kotun ta tsaya a kan cewa dokar soja ita ce gaba da komai, abin da ya rage na tsarin mulki yana bayanta. Abin da alƙalai suka riƙa yi shi ne bin kalmomin dokar da ido sosai, idan jami'in gwamnati ya kauce wa abin da dokar sojan kanta ta ce, su kama shi da ita. Idan kuwa dokar ta fito fili ta ce kotu ta cire hannu, sai su cire. A haka aka yi ta tsare mutane ba tare da shari'a ba a ƙarƙashin doka mai lamba 2 ta 1984.

Lauyoyi masu fafutuka sun kira wannan tsoro. Masu kare shi na cewa alƙali ba shi da soja ba shi da ɗan sanda, kuma kotun da ta yi fito-na-fito da barikin soja a 1970 ba ta ƙara wa kowa 'yanci ba. Gaskiyar magana ita ce duka ɓangarorin na da abin kamawa, amma wanda ke tsare a Kirikiri ko Gashuwa a lokacin, hujja ta biyun ba ta buɗe masa ƙofa ba.

Zaɓen 12 ga watan Yuni

Shekarar 1993 ce ta fi kowace nauyi a tarihin aikinsa. Kwana biyu kafin zaɓen shugaban ƙasa tsakanin Cif Moshood Abiola na SDP da Alhaji Bashir Tofa na NRC, wata babbar kotu a Abuja ta ba da umarnin dakatar da shi. Aka yi zaɓen duk da haka. Wata kotun ta hana bayyana sakamako, wasu kotunan a wasu jihohi suka ce a bayyana. Ranar 23 ga watan Yuni gwamnatin Babangida ta soke zaɓen, kuma cikin dalilan da ta bayar har da wai ceto mutuncin kotuna daga wannan ruɗani.

Maganar soke zaɓen ba ta taɓa zuwa gaban Kotun Ƙoli an yanke ta ba. Ranar 26 ga watan Agusta Mohammed Bello ya rantsar da Cif Shonekan. Ranar 10 ga watan Nuwamba Mai Shari'a Dolapo Akinsanya ta babbar kotun Legas ta yanke cewa gwamnatin riƙon ƙwaryar haramtacciya ce. Mako guda bayan haka Janar Abacha ya karɓi mulki.

Ana cikin wannan ne wata jarida ta kamfanin Concord, mallakar Abiola, ta buga labarin da ke zargin cewa gwamnatin Babangida ta ba alƙalan Kotun Ƙoli kyautar motocin Marsandi. Babban Jojin da wasu abokan aikinsa suka ɗauki wannan a matsayin ɓata suna, suka kai kamfanin ƙara suna neman diyya.

Wannan mataki, ko da sun ga suna da gaskiya, kuskure ne da ya zo ya ɗaure musu hannu. A watan Yunin 1994 Abiola ya ayyana kansa shugaban ƙasa, aka kama shi aka tuhume shi da cin amanar ƙasa. Kotun ɗaukaka ƙara a Kaduna ta ba da belinsa a watan Nuwamba, gwamnati ta ƙi sakinsa ta wuce Kotun Ƙoli. A nan lauyansa, Cif G.O.K. Ajayi, ya tashi ya ce alƙalan da ke ƙarar kamfanin mutum ba za su zauna su yanke hukunci kan 'yancinsa ba.

A 1995 Mohammed Bello ya karanta hukuncin da ya amince da wannan hujja. Alƙalai takwas, har da shi, suka janye daga shari'ar. Ta fuskar ƙa'ida abin da ya dace ke nan, domin ba a zama alƙali a rigimar da mutum ke da hannu a ciki. Amma waɗanda suka rage ba su kai adadin da doka ta buƙata su zauna ba, kuma Abacha ne kaɗai ke da ikon naɗa sababbi. Bai naɗa ba. Abiola ya ci gaba da zama a tsare har ya rasu ranar 7 ga watan Yulin 1998.

Ranar 10 ga watan Nuwamban 1995 aka rataye Ken Saro-Wiwa da 'yan ƙabilar Ogoni takwas a Fatakwal, bayan hukuncin wata kotun musamman wadda dokar soja ta hana a ɗaukaka ƙara daga gare ta zuwa kowace kotu. Makonni kaɗan bayan haka, a watan Disamba, Mohammed Bello ya cika shekaru 65 ya yi ritaya. Mai Shari'a Muhammadu Lawal Uwais na Zariya ya gaje shi.

Bayan ritaya

Ya koma gefe, ba a cika jin duriyarsa ba, sai da batun shari'ar Musulunci ya sake tasowa. A watan Oktoban 1999 Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura ya ƙaddamar da ita a Gusau, dokar ta fara aiki a watan Janairun 2000, jihohin arewa suka bi sahu ɗaya bayan ɗaya, ciki har da Kano da Katsina. Tsarin da aka gina a 1960, wanda shi ya yi ƙuruciyarsa yana aiwatarwa, shi ne ake warwarewa.

A wata maƙala da ya rubuta a shekara ta 2000 kan shari'a da tsarin mulki, ya nuna cewa akwai wuraren da hukunce-hukuncen fiƙihu ba za su zauna da tsarin mulkin 1999 ba. Misalin da aka fi ambato daga gare shi shi ne ridda: sashe na 38 ya ba kowane mutum 'yancin sauya addini, don haka duk dokar jiha da ta hukunta wanda ya yi ridda ba za ta tsaya a kotu ba. Ba magana ce da ta yi wa kowa daɗi ba a wancan yanayi, musamman daga bakin ɗan Muftin Katsina. Kundin dokokin da Zamfara ta fitar dai bai sanya ridda cikin laifuffuka ba.

Mai Shari'a Mohammed Bello ya rasu ranar 4 ga watan Nuwamban 2004, cikin watan azumi.

Daga hawansa a 1987 har zuwa ritayar Mai Shari'a Mahmud Mohammed a 2016, 'yan arewa takwas ne suka riƙe kujerar Babban Joji a jere, ciki har da Dahiru Musdapher, tsohon babban jojin jihar Kano, da Aloma Mariam Mukhtar, mace ta farko da ta hau ta. Cibiyar horar da alƙalai ta ƙasa, wadda aka kafa a 1991 yana kan mulkin kotun, tana Abuja, kuma harabarta na ɗauke da sunansa.